Kanwa Ba Gishiri Ba Ce

Birnin Kebbi, Lahadi

Zuwa ga Baiwa, ɗiyar goggona,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Goggo da sauran mutanen gida. Ni ne Tamba. Na faɗa ne don kada ki tsaya kina juya takardar, kina cewa wane mai rubutun kaza ne wannan.

Na kira ki a waya har na gaji. Ina ta ihu a tsakar gidan mutane, ke kuma kina can kina cewa "Wa ka kira? Mi kac ce?" Tunda kunnenki ya ƙi, ga takarda. Kalilu direba zai riƙa kawo miki ita in ya yi lodin Argungu, ki ba shi amsa ya komo da ita.

Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Ina nan gidan ɗana Ja'afar, matarsa Khadijatu tana ɗawainiya da ni ba ta gajiya. Likita ya ce ƙodojina duka biyu sun ajiye aiki. Talata da Juma'a ake kai ni asibiti wankin ƙoda. A soka mini allura biyu a hannu, jinina ya fita ta wata igiyar roba ya shiga inji, ya zagayo ya komo ta ɗayar. Ina kwance ina kallon jinina yana yawo ba tare da ni ba.

Ba allurar ce ta dame ni ba, ruwa ne. An hana ni gishiri, an kuma auna mini ruwan sha. Gora ɗaya ta roba, irin ta 'yan makaranta, ita ce rabona daga safe har wata safiya, kuma kunu da miya duk a cikinta ake lissafa su. Ni Tamba, da aka haifa bakin gulbi, na tsufa ruwa na kai mini wuya, yau ni ake wa awon ruwa da murfin gora. Ki yi dariya, na san za ki yi.

Garin nan babu laifi, sai dai babu abin da ke motsi a cikinsa ban da babura. Da hantsi nakan zauna ƙofar gida in juya fuskata wajen da nake zaton Argungu take. Ja'afar ya ce wajen da nake kallo hanyar Jega ce. Ban fasa ba.

Ki gaya mini inda ruwa ya ja zuwa yanzu, kuma wa ke duba mini jirgina. Ki gaishe da Goggo, ki ce mata ina nan tafe.

Naki, ubangidanki,
Tamba

*

Argungu, Laraba

Tamba,

Na ga takardarka, na kuma gode Allah da jiki ya yi sauƙi. Muna lafiya. Goggo tana nan yadda ka bar ta, a kwance, sai an tayar sai an kwantar, shi ya sa ko ƙofar gari ba na iya kaiwa balle Birnin Kebbi. Kullum na shiga da furarta sai ta ce, "Ina yaron ga na Maliki? Har yau bai komo ba?" Yaro, wai kai, da furfurarka har cikin kunne.

Ubangidan wa? Don ubanka namiji ne uwata mace, shi ke nan na zama baiwarka? Sunana Baiwa ta Allah, ba ta Tamba ba. Ubangidan da ake ba ruwa da murfi ya yi shiru.

Na yi dariyar, ba zan ɓoye maka ba. Da na gama kuma sai na koma bayan bandar kifina na zauna, na ce wa 'yan aiki hayaƙi ne ya shiga mini ido. Tun muna yara ban taɓa ganin ka wuce randa ba ka kamfata ba.

Ruwa ya ja sosai. Tudun yashin da ke gaban mashayarmu ya fito, masu albasa har sun kafa injinansu. Jirginka yana nan, Nasrullahi, yaronka na jirgi, ya jawo shi ƙarƙashin giginya ya kife, ya ce akwai tsaga ɗaya a gindi zai toshe. Homarka ta kamun kifi na rataye ta a zaure tare da gorarka ta iyo, kowa ya shigo sai ya tambaye ni mai su.

Ga labarin da ban so in ba ka ba, amma gara ka ji daga gare ni. Dattawa sun zauna, za a buɗe tafkin unguwarmu a yi su, kamun kifin gayya, ranar Asabar ta farkon watan gobe. Kai ka san tun rasuwar Kawu Maliki kai ne kake fara jefa ƙafa a ruwan nan kafin kowa ya shiga. An tambaye ni ko za ka zo, na ce ban sani ba.

To ka bayyana mini, me gishiri ya yi musu? Ciwo a ƙoda, hani a baki. Ni kullum da gishiri nake aiki, ban ga ya kashe kowa ba sai tsutsa.

Taka, ba baiwarka ba,
Baiwa

*

Birnin Kebbi, Asabar

Baiwa,

Sallama da gaisuwa. Jiki yana nan yadda yake, ba daɗi ba ƙari. Na karanta maganar su har takardar ta yi laushi a aljihuna.

Kin tambayi gishiri. Nima na tambaya. Akwai wata nas da ke kula da injina, Ummu Hani, 'yar Augie ce, ba ta gajiya da surutuna. Ta ce jikin mutum duka ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace ɗaure cikin tantaninta kamar ƙwan kifi, cike da ruwa. Tantanin nan ba bango ba ne. Yana barin ruwa ya wuce, amma gishiri sai ya tsaya a ƙofa. To shi ruwa, duk inda gishiri ya fi yawa can yake bi. In mutum ya ci gishiri ya taru a jini, sai ruwan cikin ƙwayoyin ya tsiyaye ya bi shi waje, su kuma su yamutse, su kai ƙara cewa a sha ruwa. Ƙishirwa ke nan. Mai lafiya ya sha, ƙoda ta fitar da gishirin da rarar ruwan. Ni kuwa duk abin da ya shiga ya zauna, sai inji ya cire.

Na ce mata ai wannan aikin Baiwa ne. Ki tsaga tarwaɗa ki barbaɗa mata gishiri, kafin ki juya ta yi gumi, tire ya cika da ruwa. Ta ce shi ne, ba wani ba. Kin ga ashe shekara da shekaru kina koyar da ƙwayoyin kifi karatu ba ki sani ba.

Shi ma injin tantani ne a cikinsa. Jini ta wannan gefe, ruwa mai tsabta ta wancan, dattin jini ya riƙa ratsawa daga inda ya yi yawa zuwa inda babu.

Amma ga wadda ta tsaya mini. Ta ce kifin gulbi ba ya shan ruwa. Na ce, "Ɗiyata, wanga zance bar shi, kihi na gani tun ba a haihi babanki ba, bakinai bai rufuwa." Ta ce ba haɗiyewa yake ba. Jikinsa ya fi gulbi gishiri, don haka ruwa da kansa yake ratsa shi ta jan naman nan na ƙarƙashin kunnensa, inda yake numfashi, har ya yi masa yawa ya riƙa fitarwa. Yana zaune cikin ruwa kawai, ruwa na shigarsa. Tun ranar nake tunanin abin. Na kama kifi ba iyaka, ban taɓa yi wa ko ɗaya hassada ba sai yanzu.

Yanzu ga babbar magana. Kafin a ɗora ni a inji sai an hau da ni sikeli, a ga yawan ruwan da na tara tun wankin baya. Na roƙi likita, ya ce in sikeli ya ci gaba da yi mini shaida mai kyau har ƙarshen wata, zai bar ni in taho ranar Juma'a bayan wanki, in kwana biyu, in komo. Ba zai bar ni in yi nutso ba saboda hannun allura, amma ƙafa ya ce in jefa. Ki gaya wa dattawa su jira ni.

Ina kiyayewa, Baiwa. In ƙishirwa ta taso sai in kurkure baki in tofar. Abincin ne dai lami, komai ɗanɗanonsa ɗaya. Khadijatu tana ƙoƙari, amma wallahi ba abin da nake marmari irin kunun hannunki, wanda kike dama mana in mun fito daga ruwa muna rawar sanyi.

Naki,
Tamba

*

Argungu, Litinin

Tamba,

Lafiya lau muke, Allah ya ƙara maka sauƙi. Na gaya wa dattawa, sun yi murna. Na gaya wa Goggo, ta sa na ciro mata zanenta na cikin adaka wai shi za ta ɗaura ranar. Nasrullahi ya toshe jirgi.

Karatun ƙwayoyinka na ji shi, rabi ya shiga rabi ya tsaya a ƙofa. Abin da na riƙe shi ne gishiri ne abokin gabarka, to ba za ka gan shi daga hannuna ba.

Ga saƙo nan wurin Kalilu. Garin gero ne, ni na surfa na kai niƙa, da kayan yaji a ciki. Ga kuma ƙullin jar kanwa mai kyau, ta wurin Hodi mai sayar da ita. Khadijatu ta jiƙa ta, ta tace, ta dama da ruwan, kada ta yi mata rowa, kunun da kake nufi ba ya yin daɗi sai ta ji. Ko ƙwayar gishiri babu a ciki, na rantse maka. Kanwa kuwa ai magani ce, ita muke ba mai jego, ita muke ba dabba in ta rame. In bakinka ya yi lami ka ɗan lasa.

Ka sha ka yi ƙarfi, kada ka zo ka faɗi a gaban yara ka ba mu kunya.

Baiwa

*

Argungu, Alhamis

Tamba,

Gaisuwa. Muna lafiya, in ban da zullumi.

Kalilu ya yi sawu uku ba takarda. Na farko ya ce ka karɓi saƙo ka yi godiya. Na biyu ya ce bai same ka a ƙofar gida ba. Jiya ya ce gidan a rufe yake, maƙwabta kuma ba su san komai ba. Na sa an kira Ja'afar, aka ce yana magana, ni ban ji ko kalma ɗaya ba, wadda ta riƙe mini wayar kuma ta ce wai ya ce zai kira, bai kira ba.

In maganar faɗuwa gaban yara ce ta ɓata maka rai, ka san bakina. Tun muna tsirara nake tsokanarka ba ka taɓa yin fushi ba, kada ka fara da tsufa. In kuma zaman birni ne ya yi daɗi har kunun ƙauye ya zama abin kunya, ka faɗa mini in sani.

Su saura kwana kaɗan. Jiya Goggo ta ce, "Shi zaka in gane shi, ko ba shi shiga ruwa." Na ce mata kana hanya. Kada ka mayar da ni maƙaryaciya.

Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Baiwa

*

Birnin Kebbi, Laraba

Baiwa,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Goggo. Ina raye, ki kwantar da hankalinki. Ban yi fushi ba. Asibiti aka kwantar da ni, shekaranjiya aka sallamo ni, hannuna sai yau ya yarda ya riƙe biro.

Kunun ya yi daɗi. Ina so ki fara sanin wannan. Da Khadijatu ta kawo shi, ƙamshin kawai na ji sai ga ni a bakin mashaya, rigata a jiƙe, kina miƙo mini ludayi kina zagina. Ta tambaye ni, "Baba, wagga kanwa ba ta cikin abin da anka hana?" Na ce mata gishiri aka hana, kanwa ba gishiri ba ce. Na sha safe, na sha yamma. Ƙullin kuma na ajiye shi a aljihu ina lasa.

Kwana biyu sai ƙishirwa ta taso mini irin wadda ban taɓa ji ba. Kurkure baki ya daina aiki. Na shanye gorata kafin azahar, na koma ga butar alwala, daga nan na koma randa in ba kowa a tsakar gida. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ranar Lahadi da rana na kwanta sai numfashi ya ƙi, ina jin ruwa yana ƙara a ƙirjina. Ni da ban taɓa nutsewa a gulbi ba, na tashi nutsewa a kan katifa. Ja'afar ya ɗauke ni a keke napep, aka ɗora ni a inji ba ranata ba.

Da na farfaɗo Ummu Hani ta tsaya a kaina ta ce, "Baba Tamba, mi kac ci?" Na ciro ƙullin na ba ta. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce kanwa da gishiri uwarsu ɗaya, abin da ke jan ruwa a cikin gishiri shi ne a cikin kanwa, suna ne kawai ya raba su. Tantanin ƙwayoyina bai san suna ba.

Kada ki ɗora wa kanki. Ke abin da na rubuta kika bi, kuma ni na roƙi kunun. Ina zuwa wurin Ummu Hani sau biyu a mako, ina tambayarta har abin da kifi ke sha, amma ban tambaye ta kanwa ba, don na san amsar da za ta ba ni, kuma ina son kunun.

Likita ya soke tafiyar. Ya ce zuciyata ta wahala, ba zai bar ni in yi nisa da inji ba sai an ga yadda hali ya yi, bai kuma ce yaushe ba. Na roƙe shi har na ji kunya. Ki gaya wa dattawa Nasrullahi ya jefa ƙafa a madadina. Goggo kuma ban san abin da za ki ce mata ba.

Ina son gida, Baiwa. Ban taɓa son wani abu haka ba.

Tamba

*

Argungu, Lahadi

Tamba,

Gaisuwa da ban haƙuri. Mu lafiya. Na karanta takardarka a tsaye, na ƙarasa ta a zaune. Ka ce kada in ɗora wa kaina, to a kan wa zan ɗora? Da hannuna na zaɓi kanwar, har na ce wa Hodi ya ba ni wadda ta fi ƙarfi don ta ɗan'uwana ce. Kwanan nan ko ganin kanwa ba na so.

An yi su jiya. Na bar Goggo da maƙwabciya na je, don in ba ka labari da idona. Mutane sun cika bakin tafki tun hantsi, kowa da homa da gora. Da aka ce Nasrullahi ya shiga, sai ya tsaya ya ce shi ba zai jefa ƙafa da sunansa ba. Ya ɗauko gorarka daga zaure, ita ya fara ɗorawa a kan ruwan, ya ce, "Ga Tamba nan ya shiga." Sannan aka ruɗa. An kama gargaza da yawa, da giwan ruwa ɗaya da ta kai ƙugun mutum. Ban tsaya rabo ba.

Goggo na gaya mata gaskiya. Ta ce a mayar da zanen cikin adaka amma a sa shi a sama, kada a danne.

Ga jarka nan wurin Kalilu. Bayan an ɗora gorarka, kafin jama'a su dama ruwan, na kutsa har gwiwa na cika ta da shi, daidai wurin da kake tsayawa. Ka ji ni da kyau, tunda mu biyu mun iya karanta abin da ba a rubuta ba. Ba na sha ba ne. Ko kurkure baki ban yarda ba. Ka nuna wa 'yar Augie tukuna, in ta yarda, a zuba maka a kwano ka jefa ƙafa. In ta hana, a ba bishiya.

Baiwarka, yau kaɗai,
Baiwa

*

Birnin Kebbi, Juma'a

Baiwa,

Sallama. Jiki da sauƙi, kumburi ya saɓe, takalmi yana shiga.

Jarka ta iso. Na kai maganar wurin Ummu Hani kamar yadda kika ce. Ta duba ƙafafuna har tsakanin yatsu, ta ga babu ciwo, ta ce in saka, amma kada ya taɓa hannun allura, in kuma wanke da sabulu bayan na gama. Na tambaye ta ko zai ratsa ni yadda yake ratsa kifi, kada in je in ƙara nauyi. Ta yi dariya ta ce fatar mutum ba irin wannan tantanin ba ce, an yi ta ne don ta tsare, ko wuni na yi a ciki ba abin da zai kai ga jinina.

Jiya da hantsi Khadijatu ta zuba mini shi a babban kwanon wanki, a ƙofar gida. Ruwan bai kwanta ba tukuna, da ɗan jan laka a ciki, da wani guntun ganyen gamba da ya biyo ki. Na sunkuya na shaƙa. Kin san warin, ba sai na faɗa miki ba. Na yi bisimilla yadda marigayi Baba yake yi, na jefa ƙafar dama.

Ban san iya zaman da na yi ba. Masu babura suna wucewa suna kallon tsoho da ƙafa a kwano yana kuka, ban damu ba. Ja'afar ya fito zai tafi aiki, ya tsaya, sannan ya kama kujerar da ni da kwanon ya ɗan juya mu. Ya ce, "Baba, nan ne Argungu."

Ban zubar ba. Na mayar da shi cikin jarka, ganyen ma yana ciki. Ki ce wa Goggo ta bar zanen a sama.

Yau da safe aka hau da ni sikeli kafin wanki. Ummu Hani ta duba ta ce, "Ka gani, Baba? Ba abin da yash shiga." Na ce mata haka ne. Yarinyar kirki ce, kuma ta fi ni sanin aikinta, shi ya sa ban yi mata gardama ba.

Naki,
Tamba